Yashin da Ya Maƙale a Ƙwarya

Duk wanda ya ci shinkafar Maman Basira a Fadikpe bai taɓa tauna tsakuwa ba, kuma ba masu neman a ƙara musu miya ne kawai ke faɗin haka ba. Sunanta na yanka Halimatu. Ba 'yar Minna ba ce. A wata ruga aka haife ta can gaba da Kagara, kusa da wani wuri da ake kira Kwarin Giginya, a nan ta tashi tana kai nono kasuwa, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, ɗaya ta rayu. Shekara shida da suka wuce 'yan bindiga suka tare mijinta Garuba yana dawowa daga kasuwa, suka shige daji da shi da shanunsa. Ba a sake ganin shanun ba, ba a sake ganin Garuba ba. Bayan wata huɗu ta ɗaure abin da ya rage a zane, ta kama hannun 'yarta Basira, suka hau motar gawayi zuwa Minna. Tun a cikin motar ta yi wa kanta alkawarin ba za ta ƙara bin wannan hanya ba.

A Fadikpe ta fara da rairaye wa wata mai abinci shinkafa, daga baya ta kafa tata tukunyar. Mata kan ce rairaya kowa ya iya, amma ku bar su da faɗi. Halimatu za ta zuba shinkafa a ƙwarya, ta nutsa rabinta a baho, ta riƙa juyawa a hankali tana karkata baki, shinkafar na tsallakawa kaɗan-kaɗan, har a bar mata ɗan abin da ya kwanta a gindi, tsakuwa da yashi, wani lokaci har da guntun ƙusa. Ko kallon ƙwaryar ba ta yi, hirarta take sha. Kuma mace ce mai tsabtar da har takan ba maƙwabta haushi, don in ta ari tukunyarki sai ta dawo miki da ita ta fi yadda kika saya haske, ki rasa godiya za ki yi ko kunya za ki ji.

Cikin masu sayen abincinta akwai wata gajeriyar mace mai sa takalmin maza, Dakta Hadassah Shekwolo, 'yar Gbagyi daga Beji. Ba daktar allura ba ce, ta duwatsu ce. Tana koyarwa a wata babbar makaranta, kuma rabin rayuwarta ta ƙare shi tana bin rafuka da guduma da buhu. Hausarta irin ta kasuwar Minna ce, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ka" ne a bakinta. Wata rana ta zo da wuri shinkafa ba ta hau wuta ba, ta tsaya tana kallon hannun Halimatu har ta manta da yunwarta.

"Maman Basira," ta ce, "wannan abin da ka ke zubarwa a kasan kwarya, shi ni nake nema. Za ka iya yi min da yashi?"

Halimatu ta ɗauka zolaya ce. Ashe injin da ke tace wa Dakta yashi ne ya lalace, kayan gyaransa sai daga waje, ga buhuna jibge a ɗakin bincikenta suna jira. Haka mai shinkafa ta bar wa Basira tukunya daga safe zuwa azahar, ta koma zama a kan kujera 'yar tsuguno a bayan wani dogon gini, da baho uku da famfo, tana rairaye yashin rafi. Duk rayuwarta abin da ya kwanta take zubarwa, yanzu kuma shi ake so, na saman ne shara.

Dakta ba ta raina ta ba, ta zaunar da ita ta yi mata bayani. Ta ce a cikin buhun yashi guda akwai wasu 'yan ƙwayoyi masu nauyi, sun fi garin gishiri ƙanƙanta, ana ce musu zarkon. Kowace ƙwaya tun ranar da dutsen da ya haife ta ya daskare, akwai wani sinadari a cikinta da ke rikiɗa yana zama dalma a hankali, ba ya sauri ba ya tsayawa. In aka auna yawan dalmar, sai a san shekarun ƙwayar. In an san shekarunta, sai a san daga wane dutse ruwa ya kankaro ta. Ta ce duwatsun nan na Minna da ake fasawa ana gini, saiwoyin wasu manyan tsaunuka ne da suka tashi lokacin da wasu manyan ɓangarorin doron ƙasa biyu suka yi karo, shekara wajen miliyan ɗari shida da suka wuce, ruwa da iska suka cinye su saura gindi. Halimatu ta ce Allah mai iko, a ranta kuwa ta ce ko waye ya zauna ya ƙirga oho. Amma da Dakta ta sa ta leƙa wani madubi mai ƙara girman abu, ta ga ƙwayoyin suna ƙyalli, wasu ruwan zuma wasu kamar ƙanƙara, sai ta ji aikin ya shiga ranta.

An ba ta farantin roba na masu aikin, ta gwada ta ajiye, ta ce hannunta ƙwarya ya sani. Dakta ta yarda, da sharaɗi ɗaya.

"In ka gama da buhu daya, ka wanke kwaryan sosai kafin ka taba wani. Sosai, Maman Basira. Ko kwaya daya kada ya rage."

Faɗa wa Halimatu ta wanke abu sosai, ai kamar an ce da ita ta yi abin da ta fi so ne. Dakta ta tafi taro Abuja a wannan makon, ta bar mata buhu uku na farko, masu jan rubutu. Halimatu ta dubi sabulu da soson da aka ajiye mata, ta taɓe baki. A rugarsu ba a cewa ƙwarya ta wanku sai an dirje ta da yashi. Ga kuwa tarin yashin magina a gefe, tifa ta juye shi ana ƙarin gini, mai laushi, fari tas. Kafin ta fara kowane buhu sai ta ɗebo hannu guda, ta dirje cikin ƙwaryar har yatsunta su yi ja, ta ɗauraye sau uku, ta ɗaga ta a rana tana jin daɗin kanta. Ba ta san cikin ƙwarya na da laushin da ƙwaya mai kaifi za ta nutse ta maƙale ba, ta kuma fito daga baya in ruwa ya jiƙa ta.

Da Dakta ta dawo sai ta zo da sababbin ƙore guda goma sha biyu daga kasuwar Beji, ta ce ta yi tunani a hanya, gara kowane buhu da tasa ƙwaryar. Daga ranar dirza ta ƙare. Magina suka cinye yashinsu a bango, Halimatu ta manta da zancen, aka tattara 'yan ƙwayoyin a ƙananan kwalabe aka aika ƙasar waje inda injin awon yake.

Wata bakwai suka wuce. Ana tsakiyar zafin bazara, irin wanda ke sa kwaltar Minna ta yi taushi, sai ga Dakta ta fito bayan gini da takarda a hannu tana dariya ita kaɗai. Ta jawo bulo ta zauna kusa da baho. Ta ce sakamako ya zo. Buhu goma sha biyu sun faɗi abin da ake zato, tsofaffin ƙwayoyi ne duka. Amma buhu uku sun zo da abin mamaki: a cikinsu akwai 'yan ƙwayoyi, bakwai a ɗaya, biyar a ɗaya, huɗu a ɗaya, waɗanda shekarunsu ba su kai ko sulusin na sauran ba. Irin wannan yaran duwatsu, in ji ta, sai can wajen Jos aka san su. Babu ruwan da ke gangarowa daga Jos zuwa waɗannan rafukan. Ke nan ko akwai wani dutse ɓoye a dajin Kagara da ba wanda ya taɓa rubutawa, ko kuwa a da can wani kogi ya taɓa bi ta wurin ya ɓace.

"Waɗanne buhuna ke nan, Dakta?"

"Na Kagara mana. Masu jan rubutu. Wanda ka fara da su."

Halimatu ta ci gaba da juya ƙwaryar da ke hannunta, amma yashin ya tsallake baki ya zube duka, abin da bai taɓa faruwa da ita ba. Ba ta yi boko ba, amma wata bakwai tana jin ana cewa ƙwaya ɗaya baƙuwa na iya ɓata buhu. Uku na farko. Su kaɗai ta dirje wa ƙwarya da yashin da ba ta san daga inda tifa ta kwaso shi ba. 

Dakta ba ta lura ba, tana ta zuba. Ta ce kafin ta rubuta wannan ga duniya dole ta tabbatar. Shekara huɗu ke nan da ta ɗebo yashin, lokacin da hanya ta ɗan lafa, kuma duk an rairaye shi babu saura. Don haka ranar Alhamis ta sama za ta koma Rafin Marke, wanda ya fi kusa da kwalta, tafiyar minti goma a ƙafa, ta ciko buhu biyu ta juyo. Ita da Malam Yisa direba.

Kwana takwas ne tsakani, kuma Halimatu ta san kowane ɗaya daga cikinsu. Ta san hanyar. Daga Bosso a wuce Beji, a kai Zungeru, a kai Tegina, daga nan kuma sai direbobi su kashe rediyo, kowa ya zuba ido a daji. Ko a makon da ya wuce wata mai sayen shinkafa ta ce an kwashe mutane a motar haya da rana tsaka. Wannan hanyar za a tura mutum biyu saboda abin da ba ya nan, saboda hannu uku na yashin magina.

Kullum da safe takan fito daga Fadikpe da maganar a bakinta. A cikin keke za ta tsara ta: Dakta, akwai abin da na yi. Da ta iso ta ji muryar matar tana waya da Turanci, tana dariya, tana ambaton Kagara, sai bakinta ya yi nauyi. Tsoro biyu ne suka sa ta a tsakiya. Akwai na hanya, akwai kuma na fuskar Dakta. Matar nan ta ɗauko ta daga gindin murhu, ta riƙa nuna ta ga baƙi tana cewa hannun nan ya fi inji. Ta yaya za ta tsaya ta ce mata abin da ya sa kike rawar ƙafa dattin ƙwaryata ne? Sai ta ce wa kanta wataƙila ba haka ba ne, ai ta ɗauraye sau uku. Wataƙila dutsen na nan da gaske. Ni dai na san irin wannan wataƙilar, mutum kan yi ta ne in ya riga ya san gaskiya.

Ran Litinin ta tarar da Malam Yisa a ƙarƙashin motar yana duba taya. Banufe ne, dogo, mai yawan barkwanci, amma ranar bai tsokane ta ba. Ya fito yana goge hannu, ya ce ya canza tayoyin baya, don a wannan hanya faci ba abin wasa ba ne.

"Malam Yisa, ba za ka ce mata a bari ba?"

"Maman Basira, ni direba ne. In Madam ta ce mu je, sai mu je. Iyalina ma ban gaya mata ko ina ba ne, na ce Bida za mu. Kin san jego take, kwana ashirin yau." Ya yi 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Ki dai sa mu a addu'a. An ce in an wuce da sassafe an dawo kafin azahar, da sauƙi."

A ranar ko loma ba ta iya haɗiyewa ba. Basira ta tambaye ta ko zazzaɓi ne, ta ce zafi ne kawai. Talata ta zo ta wuce, ta rairaye buhu guda cikin awa huɗu, aikin da take yi a awa ɗaya. A ranta tana ganin jaririn Yisa da ba ta taɓa gani ba. Tana ganin takalmin Dakta a gefen kwalta, ƙafa ɗaya.

Ran Laraba da hantsi ta ajiye ƙwarya, ta wanke hannu, ta gyara mayafi, ta shiga ofis ba tare da an kira ta ba. Dakta na duƙe a kan taswira. Halimatu ba ta zauna a kujera ba, ta durƙusa a bakin tebur, ta faɗi komai tun daga soson da ta raina har ɗauraya uku. Ba ta tsallake ko ɗaya ba. Da ta kai ƙarshe sai ta ji wani sauƙi ya sauko mata, don a ganinta shi ke nan, ko an kore ta, tafiya dai ta fasu.

Dakta ta ɗago kai. Ta cire tabarau ta ajiye a kan taswirar. Sannan ta ɗauki waya ta kira ɗan kwangilar da ya yi ginin, ta tambaye shi daga ina yake sayen yashi. Halimatu na jin amsar daga inda take: daga bakin kogin Kaduna, ta wajen Wushishi, shi ya fi kyau a filasta.

"Kogin Kaduna," Dakta ta ce bayan ta kashe wayar. "Daga Jos ya taso." Ta rufe ido. "Tashi, Maman Basira. Ka tashi daga kasa. Ni na ce ka wanke sosai, ban fada maka da me ba. Na tafi na bar ka. Laifin nawa ya fi naka."

Halimatu ta fashe da kuka, na kunya da na godiya a haɗe. Ta ce Allah ya saka da alheri, Allah ya sa hakan ne mafi alheri, yanzu sai a gaya wa Malam Yisa ya huta.

"Ya huta?" Dakta ta mayar da tabarau, ta jawo taswirar. "A'a. Da, waje daya zan je. Yanzu buhu uku sun lalace, ba zan iya amfani da ko daya ba. Dole in debo duka uku."

Ta nuna da biro. Rafin Marke a bakin hanya. Rafin Kanya gaba kaɗan. Na ukun kuwa, biron ya bar layin kwalta ya shiga cikin farin takarda inda ba a zana hanya ba, ya yi tafiya, ya tsaya. Halimatu ba ta iya karatu ba amma ba ta buƙaci a karanta mata ba. Kwarin Giginya ne.

Ta roƙe ta. Ta ce a bar na ukun, ta ce a jira baɗi, ta ce ta san dajin nan, ya ci mata miji. Dakta ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ta ba. Sannan ta ce waɗannan rafuka uku su ne ke gangarowa daga daidai inda ɓangarorin ƙasar nan biyu suka haɗu, in babu su aikin shekara biyar ba shi da tsakiya. Waɗanda suka ɗauki nauyin binciken sun ba ta wata biyu ta rufe. In ruwa ya sauka ciyawa ta tashi, ba mai shiga sai wata shekara. Ta ce ta yi magana da 'yan banga a Kagara, za su ba ta mutum biyu, kuma in ta ga hanya ba kyau za ta juyo, ita ma tana da uwa a Beji.

Akwai maganar da ta taso wa Halimatu har maƙogwaro: bari in bi ku, na san hanyar ƙafa. Ita ce maganar da ta dace, ta kuma san ita ce. Amma da ta tuna kwanar da ke bayan wata gada a hanyar, inda aka tsinci hular Garuba, sai maganar ta koma ciki. Abin da ta iya kawai shi ne ta zauna da Malam Yisa a inuwar mota, ta zana masa hanyar da tsinke a ƙasa: a bar mota a tsohuwar makaranta, a bi bayan dutse, a wuce rijiyar da ta rufta, za a ga tsamiya. Yisa ya ɗauki hoton zanen da wayarsa. Bai tambaye ta me ya sa wuri ɗaya ya zama uku ba, ita ma ba ta faɗa masa ba.

Ran Alhamis ta iso tun rana ba ta yi zafi ba, ta tarar sun riga sun tafi. Babu buhun da ya rage a rairaye. Ta wanke bahon uku, ta share wurin, ta sake sharewa, ta zauna a kujerarta da waya a cinya. Ɗalibai na wucewa suna gaishe ta, tana amsawa ba ta san me take cewa ba. Ƙarfe goma Dakta ta kira, murya garau, ta ce an gama da Rafin Marke, hanya shiru, har sun sayi mangwaro a Tegina. Halimatu ta yi hamdala, ta ɗan miƙe ƙafa.

Sha biyu da rabi wayar ta sake ƙara. Wannan karon muryar na yankewa, ana jin iska da takun ƙafa a kan busasshen ganye.

"Maman Basira, mun gama na biyu. Muna wajen tsamiyan nan naka. Hanya ya rabu, hoton Yisa bai nuna ba. Hagu ko dama? 'Yan banga ma ba su sani ba. In babu tabbas za mu koma, rana ya yi."

Halimatu ta riƙe wayar da hannu biyu. Ta san amsar kamar yadda ta san sunanta, shekara ashirin tana bin wurin da ƙwaryar nono a ka. Kalma ɗaya za ta ce, na manta, su juyo. Ba wanda zai taɓa sani. To amma jiya-jiyan nan ta durƙusa a gaban matar nan ta sauke ɓoyo, aka ce mata tashi, ba a ko ɗaga mata murya ba. Sai ta ji ba za ta iya sake yi mata wani ba.

"Hagu, Dakta. Ku bi hagu, za ku ga giginyoyin. Don Allah kada ku daɗe."

"Minti talatin. Na gode."

Aka kira azahar, ta yi salla a gefen famfo. Ƙarfe biyu ta kira, aka ce ba a samun lambar. Ta ce ai kwarin ba sabis, tun da can ma sai an hau dutse. Biyu da rabi ta kira Malam Yisa, haka. Ta tashi ta je bakin ƙofar makarantar, ta tsaya a rana tana duban kowace farar mota da ta ɓullo daga wajen Bosso, har mai gadi ya kawo mata benci ta ƙi zama. Ƙarfe uku Basira ta kira tana tambayar ko a ɗora shinkafar yamma, ta ce mata ta sauka daga layin. Tana ta karanta duk addu'ar da ta zo mata, wata ma ba ta kai ƙarshenta sai ta kama wata.

Ana kiran la'asar wayar ta yi ƙara. Hoton Dakta ne a fuskar wayar, wanda Basira ta sa mata don ta riƙa gane mai kira. Halimatu ta danna da sauri har wayar ta kusa suɓucewa.

"Dakta, kun fito?"

 Ana jin injin babur yana aiki a tsaye, da wasu maza suna magana nesa-nesa. Sannan wani ya yi gyaran murya. Saurayi ne, ba ya sauri, kamar ma yana tauna wani abu.

"Wannan lambar ce ta ƙarshe da matar nan ta kira," ya ce. "Ita da dogon nan suna wurinmu. Ke mece ce a wurinta?"

Halimatu ta dafa ginshiƙin ƙofa. Ta taɓa amsa irin wannan tambaya, shekara shida da suka wuce, ta kuma san abin da ke biyo baya. Wanda ya amsa cewa nasa ne, shi za a riƙa kira safe da yamma, shi za a sa wa kukan waɗanda aka kama a kunne, shi zai bi gida-gida, shi zai je Beji ya tsaya a gaban tsohuwa, ya je gidan mai jego ya ce ba Bida aka tafi ba. Tana iya cewa kuskuren lamba ne. Tana iya cewa ita mai sayar da abinci ce kawai, kuma ba ƙarya ta yi ba. Mai gadi ya matso yana tambayarta da ido.

"Yayarta ce," ta ce.

"To madalla. Ki ajiye wayar nan kusa da ke, kada ki bari caji ya ƙare."

Ya kashe. Halimatu ta duba fuskar wayar, ta ga cajin saura layi ɗaya, ta juya wurin mai gadi ta tambaye shi ko akwai wuta a ɗakinsa.